Luguden Faransanci

Babura, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Damagaram kamar yadda ka bar gida, ba ciwon kai ba ciwon ƙafa. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da na ƙarfe, da na mutum, da na bakinka, don shi ma na san halinsa, a wurina ka gaje shi.

Za ka tarar da takardar nan a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji. Ni na sa ta. Ina rubuta ta yanzu da ka tafi Kanya Babba sallama da dangin babanka. Ka san ɗan fari ne kai, ga kuma sunan mahaifina a kanka, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, kuma ba yau zan fara ba. Jiya da ka iso daga Kazaure ka durƙusa a bakin ƙofa ka ce, "Inna, jibi ne tafiyar," abin da na iya ce maka shi ne, "To, Allah ya kiyaye," na ci gaba da tankaɗe. Wallahi ba abin da nake tankaɗewa, garin ya riga ya ƙare a rariya.

Gwamnati ta samu kuɗin mai, ta ce sai yara sun iya harshen maƙwabta, ta zaɓe ka ka je ka ƙaro Faransanci ka dawo ka koyar. Babanka ya ishi mutanen majalisarsu da labarin. Ni kuwa da na ji an ce Damagaram, ba karatun na fara tunawa ba, domin ina da saƙo a garin nan. Ina kyautata zaton 'yar'uwata Yaya Hajara tana can, ta tsufa, ba ta da lafiya, kuma kai ne za ka nemo mini ita. Amma ba za ka iya gane ta ba sai ka ji yadda na koyi harshen da za ka koyo, don haka ka yi haƙuri da surutuna.

A Magarya aka haife ni, ka sani. Baba mai gadi ne a gidan kwamanda, Baturen Faransa mai mulkin garin. Wata rana kwamanda ya ce duk mai cin albashinsa sai ya kawo ɗa ɗaya lakwal, wato makarantar bokonsu. Baba ba shi da namiji, mu biyu ne, ni da Yaya Hajara. Innarmu ta ce, "Hajara ita ce hannuna, ba inda za ta. Ku ɗauki wannan, ba ta da aiki sai surutu." Haka aka ja ni ina ihu, ƙafa duk faso.

Malaminmu, mushe kamar yadda ake kiransu can, mutumin Dahome ne, dogo, ko "zo in kashe ka" ba ya ji da Hausa. Ni kuma Allah ya ba ni kunne. Duk abin da ya faɗa sai in haɗiye shi ɗungurungum in mayar masa, har da yadda yake ɗaga gira. Yara suka fara ce mini 'yar gaban goshi, kaina ya kumbura. In ana rera ba, be, bi, bo, bu, sai in juya baya, wai ni na wuce nan. Rannan ya rubuta wata doguwar kalma a allo wadda ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ya nuna ni da alli. Na yi kame-kame, na faɗi wata daban mai kama da ita, aji ya fashe da dariya. Mushe bai dake ni ba. Hannuwana ya kama ya tafa su, tafi ɗaya gaɓa ɗaya: lo, ko, mo, tib. Kan jirgin ƙasa ke nan. Daga nan ya mayar da ni bencin gaba cikin sababbin shiga, na zauna da masu majina har damina ta wuce.

To kai ma kunnen nan gare ka, kuma shi zai yaudare ka. Duk kalmar da ta zo maka sabuwa, kada ka haɗiye ta. Ka yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da wasalinta ɗaya, baƙi kuma ya bi wasalin da ke gabansa. Da kunne za ka ƙirga gaɓoɓin, ban da ido, domin mutanen nan suna da ɓarnar tawada. Su rubuta beaucoup, haruffa birjik, in an zo faɗa kuwa bo-ku ne kawai, wutsiyar ba a taɓa ta. Muryarka ta sauka a kan gaɓar ƙarshe, kada ka rera ta irin tamu. Sannan ka lura, bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere, sai ya cusa wasali a tsakani. Na daɗe ina ce wa uku "turuwa", alhali gaɓa ɗaya ce tak, a fizge ta a wuce. Ita u ɗinsu, ka tsuke baki kamar za ka hura wuta, harshenka kuma ya ce i. Waɗanda ake yi ta hanci, ka saki rabin iskar ta can, kada harshe ya taɓa ganɗa. Amma r ɗin maƙogwaro, kada ka shaƙe kanka a banza. Mushe kansa da harshe yake karkaɗa ta, kuma ba wanda ya hana shi albashi.

Ranar da aka yi mini dariyar nan na koma gida da kumburin ido. Na tarar da Yaya a gindin turmi. Ta ce, "'Yar lakwal, me aka koya muku yau?" Na ce tafi. Ta ce, "Tafi? Ni hannuna ba shi da sararin tafi. Ɗauko tabarya ki nuna mini a nan."

Kai namiji ne, ka sha jin lugude amma ba ka taɓa tsayawa ka duba ba. Mata biyu ne a turmi ɗaya, wannan ta buga ta ɗaga, waccan ta buga ta ɗaga, ba mai shiga lokacin wata. Sai muka mayar da kowane bugu gaɓa. Ita ce babba, ita ke farawa. Kullum in kawo kalmomi daga lakwal mu daka su da gero. Yaya ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma bakinta ya fi nawa tsabta, don ita ba ta gaggawa. Innarmu takan leƙo ta ce, "Ku dai ku ba ni gari, ko da yaren aljanu kuka daka shi."

Wadda Yaya ta fi so ita ce papillon. Da na gaya mata malam-buɗe-littafi ke nan, ta yi dariya har ta dafa turmi, ta ce, "Ashe har su Nasara sun san Malam!" Gaɓa uku ce. Ta buga ta ce pa, in buga in ce pi, ta buga ta ce yon, ta hanci, tana murguɗa baki, sannan ta cilla tabarya sama ta tafa ta cafe. Da ita muke buɗe daka, da ita muke rufewa. Abba, ban taɓa jin daɗin duniya kamar na la'asar ɗin nan ba, kuma ban san daɗi nake ji ba sai da suka wuce.

A nan ma gaggawata ba ta bar ni ba. Wata rana ina ɗokin nuna mata na iya, ban jira ta ɗaga ba na sako tawa. Tabarya ta haɗu da tabarya, ƙaramin yatsanta na hagu yana tsakani. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma yatsan a lanƙwashe ya warke. Na zaci za ta yi mini dukan tsiya. Ba ta ko zage ni ba. Tana riƙe da hannun, hawaye na zuba, ta ce, "Rabi, ki riƙa jiran gaɓarki." Shi ke nan abin da ta ce.

Kai ma na ga kana yi. Babanka bai rufe baki ba ka riga ka ɗauko amsa. A can za ka zauna da mutanen da harshen ya zauna musu, za ka ji kana so ka nuna kai ma ka iya. Ka bari mutum ya sauke maganarsa tukuna. Wanda ya jira, shi ke jin inda suke ɗaure ƙarshen wata kalma da farkon wata, kuma ba littafin da zai sa maka wannan a kunne. Ka kuma riƙe zancen yatsan nan, za ka buƙace shi.

Babanka yana zuwa Magarya sayen awaki a lokacin. Ya ce luguden nan ya ji ta bayan darni ya kasa wucewa. Har yau in ya so tsokana sai ya ce shi muryar mai yon ya bi, aka ba shi mai pi. Da aka kawo ni Babura, matan unguwa suka sa mini 'yar Faransa. In an taru a gidan suna sai wata ta ce, "Rabi, yi mana yaren Nasara mu ji," in na buɗe baki su kwashe da shewa. Ba mugunta ba ce, wasa ne, amma ni ina yarinya, ga baƙunta, sai abin ya yi mini zafi. Na kulle bakina. Ko mutanen can ƙasarmu sun zo kasuwa da takardar asibiti ta Faransanci suna neman mai karanta musu, sai in yi kamar ban iya ba. A hankali harshen ya zube mini. Yau in na nemi kalma sai in tarar babu, ina ji ina gani. Abin da ya rage shi ne wanda nake raɗawa a gindin turmi, kana goye a bayana. Shi ya sa da ka dawo hutu daga Kazaure ka ce, "Inna, malaminmu na Faransanci ya ce a ina na samo hancin nan," na shige ɗaki na bar ka tsaye. Dariya nake yi a ciki, da kuka kaɗan.

Za su yi maka dariya, tabbas. Za su ce maka ɗan Ingilishi, su kwaikwayi bakinka. Ka taya su dariyar, sannan ka sake faɗin kalmar, ka ce su gyara maka. Kuma ka yi hankali, Damagaram garin Hausa ne, kana iya shekara a can ba ka yi Faransanci ba sai a aji. Da tsofaffi ka yi Hausa, ka durƙusa, ka cire takalmi. Da abokan karatunka kuwa ka yi abin da ya kai ka, ko da bakinka na karkarwa. In ka dawo kuma kada in ji ka gaida babanka da Faransanci, ka san sandarsa ba ta nisa.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Magarya ba nisa, mai jaki ma ya san haka. Na je da Baba ya rasu, na je da Innarmu ta rasu. A zuwa na biyun ne na ga Yaya gani na ƙarshe. Tana aure a wani ƙauye arewa da gari, mijinta mai shanu da gona, Allah bai ba ta haihuwa ba. Zaman makoki ne, ba a lugude. Ta rako ni har bakin gari, ta riƙe gefen zanena ta ce, "Rabi, ki zo mini da kaka, in gero ya shigo. Ko sau ɗaya mu daka." Na ce, "In sha Allahu, Yaya, wannan kakar."

Kakar ta zo ina da tsohon ciki. Ta gaba ana bikin ƙanwar babanka. Ta gaba gyaɗa ta yi kyau, ba hannu. Na ma sayi tabarya ta biyu a kasuwar Kanya Babba, na ce wa kaina wataƙila ita ta riga ni zuwa, na jingine ta a bayan ƙofa. Sai aka samu mulkin kai, su da nasu mu da namu, aka gitta ƙarfe a bakin iyaka a Baban Mutum ana tambayar takarda. Na ce to ka ga hanya ta yi wuya. Ƙarya nake yi wa kaina, masu tallar nono kullum ta daji suke wucewa, ba mai ce musu kanzil. Gani nake Yaya tana nan kamar yadda Magarya take nan, duk ranar da na shirya zan same ta.

Sai farin nan ya zo. Ka ga mutanen da suka riƙa kwararowa daga arewa, ka ga shanun da suka zube a hanya. Duk ayarin da ya shigo Babura sai na fita na duba fuskokin matan. Babanka ya aika mutum ƙauyen, ya dawo ya ce ba kowa, ko jinkar ɗakuna an sauke an ba dabbobi. Ya ji an ce mijin ya rasu. Ita kuwa wani ya ce ta yi Kano, wani ya ce Damagaram, wani ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Abba, duk wanda ranka ya ce ka je ka gani, ka tashi ka je a satin da ka tuna shi. Kada ka ɗaura zumunci a wuyan kaka.

Ka san Malam Ilu mai kanwa, wanda ke sauka a zaurenmu in ya zo daga arewa. Kafin azumi ya zo, suna zaune da babanka, ni ina daka a tsakar gida ina 'yar raɗata. Sai na ji ya ce, "Ikon Allah! Malam, wannan abin da uwargida ke faɗa na taɓa jin irinsa." Babanka ya ce a ina. Ya ce, "A Damagaram, bayan kasuwa, wajen masu hatsi. Akwai wata tsohuwa mai dakau. In ta buga sai ta ce pa, sai ta tsaya cak da tabarya a sama kamar mai sauraro, can kuma ta buga ta faɗi wani abu ta hanci. Haka take yi har ta gama. Yara na bin ta suna cewa ta taɓu."

Ban san lokacin da na isa zauren ba, ko mayafi ban yafa daidai ba. Na ce, "Malam Ilu, yatsanta fa? Na hagu, ƙaramin?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi uwargida ban duba ba." Na ce yaushe ya gan ta. Ya ce tun damina. Ya ce ta rame ƙwarai, tana tari, kuma injin niƙa ya shigo unguwar, masu kawo dakau sun ragu.

Ba ta taɓu ba, Abba. Lafiyar hankalinta ƙalau. Wurin da take tsayawa ɗin nan nawa ne, ni take bar wa.

Na ce wa babanka ya kai ni. Ya dubi gwiwata da ta kumbura, ya dubi gonar da ba a girbe ba, ya ce, "Bari a yi kaka, Rabi, sai in kai ki." Da na ji maganata a bakinsa, na ce wa kaina ba zan sake jiran kaka ba. Ana cikin haka takardarka ta zo, aka ce Damagaram. Na ce Allah ne ya aike ka, gwamnati kuɗin mota kawai ta biya.

To ga yadda za ka yi. Kada ka ce sai ka zauna daidai, kada ka ce sai an gama jarrabawa. Ranar farko da ba karatu ka tafi, da la'asar, lokacin da ake dakan tuwon dare. Ka sa kaftaninka, ban da wandon makaranta, kada ta zaci ma'aikaci ne ya zo korar su. Ba sai ka yi ta tambayar suna ba, wataƙila a can wani sunan suke kiranta. Kunnenka za ka bi. In ka ji ta, kada ka faɗa mata da sallama da kuka, kuma kada ka fara miƙa mata abin hannu, Yaya ba ta son a tausaya mata, tana iya juya maka baya. Ka tsaya a gefe ka saurara har bugun ya shiga jikinka. In ta ce pa ta ɗaga, sai ka tafa sau ɗaya ka ce pi. Kada ka riga ta, kada ka makara. Sannan ka dubi hannunta na hagu.

In ita ce, ka durƙusa har ƙasa ka ce, "Iya, ɗan Rabi ne." Za ta tambayi sunanka. In ka faɗa za ta rufe baki da hannu, ita ma Abba za ta ce maka. Ka ba ta yajin nan, dakana ne, za ta gane. Ka nemi Malam Ilu a wajen masu kanwa, ya yi alkawari zai sako ta a motar da yake bi, ya riƙe ta har ƙofar gida. In ta ce ba za ta zauna a gidan ƙanwa ba, ka ce ba zama aka kira ta ba, aiki ne, gero ya yi mini yawa. Na share ɗakin kudu, na sa sabuwar tabarma. Tabaryar nan da babanka ke cewa gara ce za ta ci gadonta, na sauko da ita na goge na shafa mata mai.

In ba ita ba ce, ka gaida baiwar Allah, ka saya mata abinci, ka tambaye ta a bakin wa ta ji. In kuma aka ce maka ka makara, ka nemi inda aka sa ta ka yi mata addu'a. Kada ka rubuto mini. Ka rubuta wa babanka, shi ya san yadda zai gaya mini.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci, kada ka zauna da shayi da burodi irin nasu ka dawo mini kamar sillen kara. Allah ya buɗe maka ƙirji, ya warware maka harshe, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai lafiya, ya sa kada ka dawo da labari mai nauyi.

Mu ma inji ya zo unguwarmu, ƙannenka suna ta cewa in daina wahalar da kaina. Ban daina ba. Sai dai tun ranar da Malam Ilu ya yi maganar nan na bar faɗin kalmar duka. Kullum da la'asar ina barin ta farko, in buga in faɗi tawa, in bar ta ƙarshe. In ka same ta, ka ce mata Rabi ta koyi jiran gaɓarta, amma ta gaji, ta zo.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi